Hutun Gwaggo Sista a Glenwood

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina goge wa ɗana farar rigar da zai sa zuwa coci, na fesa sitati, na ɗora dutsen guga, tururi ya tashi ya daki hancina. Sai na tsaya cik da dutsen a hannu. Ƙamshin farin ƙyalle mai sitati idan zafi ya hau kansa, ba na taɓa jin sa ban tuna da yayar mahaifina ba, wadda duk danginmu ke kira Gwaggo Sista. Bari in ba ku labarin hutun da ta taɓa yi a gidanmu, don na lura duk shekarar da na ƙara, sai wani ɓangare na labarin ya ƙara fitowa fili a raina.

Ina da kamar shekara goma muka zo garin Greensboro a Amurka, ni da Mama, muka iske Baba wanda ya riga mu zuwa karatu. Gidan da ya kama haya yana unguwar Glenwood, wani tsohon gidan katako mai ɗaki biyu da 'yar baranda a gaba. Daɓensa yana kuka duk inda ka taka. Maƙwabtanmu galibi ɗaliban jami'a ne masu yawo a kan kekuna da jakunkuna a baya, kuma idan jirgin ƙasa ya wuce sai kofuna su yi ta kaɗawa a kan kantar kicin. Baba yana aji da rana, da yamma ya tafi wani sito ɗaukar kaya. Mama kuwa aikin kula da tsofaffi take yi, lokacin aikinta ba shi da tabbas. Da aka haifi ƙanena aka ga ba yadda za a yi, sai aka ɗauko Kaka, mahaifiyar Baba, daga ƙauyenmu da ke tsakanin Zariya da Kano.

Kaka 'yar siririya ce, gajera, mai saurin tafiya da saurin magana. Ba ta jin Turanci, ba ta kuma taɓa niyyar ji ba. Washegarin zuwanta ta leƙa ɗan filin da ke baya, ta riƙe haɓa ta ce, ƙasa mai kyau haka aka bar wa ciyawa? Kafin wata ya zagayo ta shuka kuɓewa da yakuwa da barkono da tumatir. Daga nan kuma ta shiga yaƙi da kuregu, waɗanda suke jira tumatir ya nuna su ciji gefe ɗaya su yar. Takan fito da tsintsiya tana yi musu faɗa da Hausa, su kuma su hau reshe su zuba mata ido.

Katolika ce tun tana amarya. Carbinta baƙi ne, 'ya'yansa sun yi santsi saboda ja, kuma ba na tuna ranar da ta kwanta ba ta ja shi ba. Ƙawarta ɗaya ce a duk unguwar, wata Hajiya 'yar Gana da ke layin bayanmu, wadda take dafa shinkafa da wake tana kai wa ma'aikata. Hausarta irin ta mazauna zango ce a Gana, ba ruwanta da bambanta mace da namiji, kowa “kai” ne a bakinta. Kaka ta yi ta gyara mata har ta gaji ta bari. Da la'asar za ka gan su a baranda, kowacce da nata carbin a cinya, suna hirar tsadar manja da ciwon gwiwa.

A falonmu akwai hoton wata mata cikin farar riga da farin lulluɓi, da ɗan gicciye a ƙirji. Ita ce Gwaggo, 'yar farin Kaka, kuma ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yanta. Tun tana budurwa ta shiga gidan sistoci, Baba yana yaro ƙarami a lokacin. Ni ban taɓa ganinta ba sai a hoton nan. Duk Asabar Kaka takan goge ƙurar gilashin da bakin zaninta, amma ban taɓa ji ta yi maganar mai hoton ba. Na tambayi Baba, ya ce kunyar 'yar fari ce, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna ta damu da shi. Na karɓi wannan amsar. Sai daga baya Mama ta ɗan tsegunta mini cewa ranar da Gwaggo ta ɗauki alkawarin zama sista har abada, dangi duka sun cika mota sun tafi, Kaka ce kaɗai ta ce tana da aiki a gona.

Shekara ta biyu da zuwan Kaka, sai labari ya zo cewa shugabannin Gwaggo sun turo ta Amurka, ita da wasu 'yan'uwanta sistoci, su yi aiki a wani gidan tsofaffi a wata jiha can arewa mai sanyi. Da zafi ya shigo aka rufe makarantu, aka ba ta hutun mako biyu, ta ce wurinmu za ta zo. Baba ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya wanke mota, ya sayo katifa, ya gyara ƙofar da ta daɗe tana maƙalewa. Kaka kuwa da aka gaya mata, “To” kawai ta ce, ta fita duba kuɓewarta.

Ni da Baba muka je tasha ɗauko ta. Na zaci zan ga mace mai fuskar hoton nan, shiru-shiru, mai kallon sama. Sai ga wata doguwar mata ta sauko daga bas tana dariya, har haƙorinta mai wushirya ya fito, ta rungume Baba tana cewa wa ya ba shi izinin yin tumbi. Kayanta duka 'yar jaka ɗaya ce da zan iya ɗauka da hannu guda. Na yi ta leƙen cikin motar ina jiran a sauko da akwatinta, ta ce mini, “Ke nan, 'yata. Riga biyu ce, ɗaya a jikina, ɗaya a ciki.”

Mun iske Kaka a baranda tana yanka kuɓewa a faranti. Gwaggo ta cire takalmi a matakala, ta durƙusa har ƙasa da farar rigarta.

“Inna, na same ku lafiya?”

“Lafiya lau. Ya hanya?”

“Hanya da godiya, Inna.”

Kaka ba ta ɗago ido daga kan wuƙar ba. Ta ce mini, “Ke, kawo wa baƙuwa ruwa.”

Na ga Baba ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta karɓi ruwan da hannu biyu ta shanye, ta yi godiya, kamar ba ta ji komai ba. Amma ni na ji. Ko a lokacin na san kunya daban take, wannan kalmar kuma daban.

Ɗaki ɗaya muka kwana mu uku, Kaka a gado, ni da Gwaggo a katifu a ƙasa. A nan na fara ganin yadda rayuwarta take. Kafin gari ya waye sosai ta tashi, ta naɗe shimfiɗarta, ta zauna kusa da taga da wani littafi mai kauri mai zaruruwa kala-kala, tana karanta Zabura a hankali, leɓenta kawai ke motsi. Da rana tsaka ta sake buɗe shi, da yamma ma haka. Ba ta taɓa cewa kowa ya yi shiru ba, amma gidan da kansa yakan yi tsit a waɗannan lokutan, har Baba ya rage muryar rediyo. Ta ce mini a daidai lokacin da take karantawa, 'yan'uwanta ma suna karanta wurin nan a ɗakin addu'arsu, don haka ko tana nesa tare suke. Kowace yamma takan wanke rigar da ta cire, ta shanya, da safe ta goge ta da sitati har lulluɓin ya tsaya kamar takarda. Kanta kuwa ban taɓa gani ba. Idan ta cire lulluɓin akwai wata 'yar farar hula a ƙarƙashi, da ita take kwana.

Ni ce na zama 'yar aike tsakaninsu, alhali ɗakin bai fi taku kaɗan ba. Kaka za ta ce, “Ki gaya wa gwaggonki tuwo ya sauka.” Gwaggo tana zaune a gefenta tana ji. Sai in juya in maimaita, ita kuma ta ce, “Ki ce wa Inna na gode.” Da farko abin dariya yake ba ni. Amma na lura miyar da Kaka take yi a kwanakin nan ba irin ta kullum ba ce. Ta fito da daddawar da take ɓoyewa a ƙasan akwati, ta sa Baba ya je har wani kanti mai nisa neman busasshen kifi, kuma kullum malmalar Gwaggo ta fi ta kowa girma. Gwaggo kuwa ba ta wasa da abinci. Takan cinye, ta suɗe hannu, ta ce rabonta da miyar kuɓewa irin wannan tun kafin a haife ni.

Da rana, idan zafi ya yi yawa, iska ta yi nauyi kamar an jiƙa bargo an rufa wa gari, mukan zauna ni da ita a ƙarƙashin babban itacen da ke baya, ƙanena yana barci a cinyarta, ƙwari suna ta tsuwa a cikin rassa. A nan na tambaye ta ko murya ta ji daga sama aka ce ta zama sista. Ta yi dariya har ta girgiza yaron. Ta ce ba ta ji muryar kowa ba. Akwai wani ɗan asibitin sistoci kusa da ƙauyenmu, aka aike ta karɓo magani, sai ta iske wata tsohuwar sista a durƙushe tana wanke wa wani dattijo gyambon da kowa ke toshe hanci saboda shi, tana wankewa tana yi masa hira kamar ubanta. Ta ce ta koma gida, amma hankalinta bai biyo ta ba. Shekara da shekaru tana ƙoƙarin mantawa, abin ya ƙi.

Ta bayyana mini alkawura ukun da suke ɗauka, cewa ba za su mallaki komai nasu na kansu ba, ba za su yi aure ba, kuma duk inda aka tura su za su tafi. Na ce wanne ya fi wuya. Na zaci za ta ce aure. Ta ce na ukun. Na tambaye ta ko kullum tana jin daɗin addu'a. Ta ce a'a, akwai watannin da addu'a take zama mata kamar tauna dusa, ba ɗanɗano ba komai, amma ƙararrawa tana kaɗawa za ta tashi ta tafi, don alkawarin ba na ranakun daɗi ba ne kaɗai. Ban gane ba a lokacin. Sai da na yi aure na haihu na fara ganewa.

Ranar Lahadi muka tafi Mas gaba ɗaya. Bayan an tashi, mutane suka kewaye Gwaggo a ƙofar coci, 'yan Najeriya da Turawa da 'yan Meziko, kowa yana so ya gaishe ta. Wata tsohuwar Baturiya mai sanda ta kama hannun Kaka ta riƙe gam, idonta ya kawo ruwa, ta yi magana mai tsawo. Mama ta fassara, ta ce matar tana cewa Kaka uwa ce mai albarka da ta ba Allah 'yarta. Kaka ta yi murmushi mai kyau, ta ce, “Ki ce mata na gode. Ita ma ta ba da tata ta ji yadda ake ji.” Mama ta fassara rabin farko kawai. Gwaggo tana tsaye a bayansu, na ga ta kai hannu ta taɓa gicciyen ƙirjinta.

A cikin makon ne ta kwashi zannuwan Kaka za ta wanke. Kaka ta shigo ta fizge su daga hannunta. Wannan karon ba ta bi ta kaina ba.

“Bar su. Na saba wanke abina. Lokacin da nake neman mai taya ni wankin ya wuce.”

Gwaggo ta tsaya hannunta a buɗe. Sai ta shiga ɗaki, ta ɗauki littafinta, ta zauna da shi a rufe a cinya har rana ta yi sanyi. Da yamma na tambayi Mama wane lokaci Kaka take nufi. Mama ta ce lokacin ciwon ajalin kakana ne. Ya daɗe yana jinya, Kaka ce kaɗai a kansa. Gwaggo kuwa an tura ta aiki wani gari mai nisan gaske, kafin saƙo ya iske ta, kafin ta nemi izini ta kamo hanya, an riga an binne shi.

Asabar ta ƙarshe, saura kwana biyu Gwaggo ta koma, ita ce ranar kitsona. Kaka gwanar kitso ce, a ƙauye har daga wasu garuruwa ake kawo mata amare. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar itacen nan, ta zauna a kan 'yar kujerarta, ta matse ni tsakanin gwiwoyinta, ga man kaɗanya a murfin kwalba, ga kibiyar kitso. Hajiya ta zo da kwanon shinkafa da wake, ta zauna a gefe tana fifita da mayafi. Gwaggo tana kicin tana wanke kwanuka, tagar kicin ɗin kuma a buɗe take, raga ce kawai a jiki.

Hajiya ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce, “Ei, Mama, ni dai zan faɗa maka gaskiya. 'Yarka ya zo daga nesa, kana masa kamar baƙo. Jibi zai tafi. Ka san za ka sake ganin shi?”

Hannun Kaka ya tsaya a kaina. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ci gaba da tsaga gashin, ta fara magana a hankali, da wata murya da ban san ta da ita ba. Ta ce tun da aka yaye yarinyar, uwar mijinta ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Gida ɗaya suke, amma ba ta da ikon ɗaukarta, ba ta da ikon kiran sunanta, ko faɗuwa ta yi a gabanta sai dai ta kau da kai wata ta ɗaga ta. Rana ɗaya ce tak take samunta, ranar kitso. Ranar nan za a turo mata ita, ta zauna a gabanta, ta riƙe kanta da hannu biyu, ba mai cewa ba ta da kunya. Ta ce takan ja kitson da gangan, abin da za ta gama kafin azahar sai ta kai shi la'asar. Gashi ne da ita har kafaɗa, baƙi wuluk, irin na uwar ubanta.

“Sai aka wayi gari ta ce za ta tafi. Na ji an ce idan sun shiga aske musu kai ake yi. Hajiya, abu ɗaya nake da shi a jikin yarinyar nan, shi ma suka sa almakashi. Ni ban hana Allah abinsa ba. Amma ai da an tambaye ni.”

Ƙarar ruwa a kicin ta ɗauke. Can sai muka ji ƙofar baya ta buɗe. Gwaggo ta sauko matakala ba takalmi, ta zo ta tsaya a bakin tabarmar. Ta kai hannu ta zare alluran lulluɓinta ɗaya bayan ɗaya, ta cire shi ta ninke, ta cire 'yar hular, ta miƙo mini su. Sannan ta durƙusa.

“Inna, ki yi mini kitso.”

Gashinta gajere ne, bai fi tsawon gaɓar yatsa biyu ba, kuma fiye da rabinsa fari ne fat. Kaka ta yi ta kallon kan nan. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji ta ture ni da gwiwa, ta ce, “Matsa.” Na tashi da rabin kai a kitse, rabi a tsefe. Gwaggo ta zauna a wurina, doguwar mace cikin farar riga a ƙasa tsakanin gwiwoyin 'yar tsohuwa. Kaka ta ɗora tafin hannunta a kan, ta shafa daga goshi zuwa ƙeya.

“Yaushe wannan furfurar ta fito?”

“Ta daɗe, Inna.”

“Ba wanda ya gaya mini.”

Ta lakato man kaɗanya ta murza a tafinta, ta shafa, ta ɗauki kibiya ta tsaga. Gashin yana kuɓuce mata saboda gajarta, tana kamo shi tana mita, wai wane marar tausayi ne yake yi mata wannan askin. Gwaggo ta ce su suke yi wa junansu. Kaka ta ce ai ga alama nan. Hajiya ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi.

Sun yi layi biyu ko uku kafin Gwaggo ta ce, kanta a sunkuye, “Inna, ranar da saƙon ciwon Babanmu ya iske ni, ranar na taso. Mota ta lalace mana a hanya. Na iso na ga an share ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, na san na makara. Ban taɓa daina ganin tabarmin nan ba.”

Kaka ta ci gaba da kitso. Sai da ta kai ƙarshen layin ta ce, “Ya tambaye ki. Na ce kina hanya. Ya ce kada a ɗaga miki hankali, kina jinyar iyayen wasu, Ubangiji zai kawo masu jinyar naki. Ya ce in gaya miki ya sa miki albarka.” Ta sake lakato mai. “Ban gaya miki ba. Shi ya yafe, ni ce ban yafe ba, sai na riƙe saƙon.”

Kafaɗun Gwaggo suka fara rawa. Ba ta yi ƙara ba, hawaye ne kawai ke ɗiga a kan farar rigar da ta sha sitati da safe. Kaka ta dafe kanta da hannu biyu ta ce, “Tsaya mana, za ki ɓata mini layi.” Amma ita ma muryarta ba ta fita daidai ba. Hajiya ta tashi ta kama hannuna ta ce in zo in raka ta gida. Na bi ta a titi da rabin kitso, da lulluɓin Gwaggo a hannuna don na manta ban ajiye ba. Da na dawo rana ta kusa faɗuwa, suna nan a inda na bar su. Kitson da bai kamata ya ɗauki sa'a guda ba, har lokacin ba a gama shi ba. Nawa kuwa Mama ce ta ƙarasa shi da ta dawo aiki, ya fito a karkace, na je coci da shi haka.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya canza ba. Kaka ba ta taɓa kiran sunan Gwaggo ba har ta bar duniya. Amma ta daina aike na. Da safen Lahadi na farka na gan ta zaune a bakin gado da carbinta, Gwaggo a bakin taga da littafinta, sai Kaka ta ce, “Ɗaga murya mana, mu ma mu ji.” Gwaggo ta riƙa karantawa tana mayar mata da shi Hausa. Ranar tafiya kuma Kaka ta tambaye ta su nawa ne a gidan nasu, ta ƙulla busasshiyar kuɓewa da yakuwa da sauran daddawarta a leda, ta ce a kai wa sauran yaran, don ta ji an ce abincin can ba gishiri ba yaji. Jakar Gwaggo ta ƙi rufuwa, sai da Baba ya ɗaure ta da igiya.

Bayan 'yan shekaru Kaka ta koma gida, ta ce sanyin nan ya ishe ta. Da ƙarfinta ya ƙare, an riga an mayar da Gwaggo Najeriya, sai shugabarsu ta ba da wani ɗaki a gefen gidan sistocin aka kawo Kaka. A nan ta yi shekarunta na ƙarshe, tana yi wa 'yan mata masu koyon zama sista faɗa a kan yadda suke tuƙa tuwo, su kuma suna kiranta Inna. A hannun Gwaggo ta cika, wata damina.

Ni a lokacin ina nan da ɗanyen goyo da aikin da ba a ba da hutu da sauƙi. Kafin in haɗa takardu in sami jirgi, an yi jana'iza an watse. Na isa gidan sistocin da jaka a hannu, kunya da baƙin ciki sun hana ni ɗaga kai. Gwaggo ta tare ni a bakin ƙofa, ko ruwa ba ta bari na sha ba, ta ce, “Akwai saƙonki, ba zan bari ya kwana a wurina ba. Inna ta ce kada ki yi kukan makara, ta san nisan. Ta ce kuma ki riƙa yi wa 'ya'yanki Hausa, ko ba su amsa ba.”

Yanzu muna zaune ta wajen unguwar Sedgefield, a gida mai ɗakuna da yawa, kowa da nasa, kowa da ƙofarsa a rufe. Ba mai tafiya da ƙafa a unguwarmu, sai mota. Ina yi wa yarana Hausa, suna amsa mini da Turanci, ina ci gaba. Mu da muka zo ƙasar nan, kusan kowannenmu yana da wata jana'izar da ya iske an gama, kuma ba kowa ne ya sami wanda zai tare shi a ƙofa da saƙo ba.

Gwaggo ta tsufa ƙwarai. Ba ta zuwa asibiti aiki kuma, a keken guragu ake tura ta zuwa ɗakin addu'a, 'yan matan da ta koyar su ne suke yi mata wanka. Sau da yawa idan na kira a hutun cin abincina, wata ƙaramar sista ce take ɗauka, ta ce in yi haƙuri, an kaɗa ƙararrawa, Sista tana wurin addu'a. Da can nakan ji haushi, in ce mutum ya kira daga wata duniya a ce masa ya jira. Sai wata rana a lokacin sanyi na duba agogo, na ga ƙararrawar yammarsu ta faɗo daidai da tsakar ranarmu, kuma addu'ar nan ta gaisuwar mala'ika ga Maryamu ita ake yi a lokutan biyu. Tun daga ranar, idan aka ce mini tana wurin addu'a, nakan ce to, kada a taso ta. Sai in kashe wayar, in kashe injin mota a nan wurin ajiye motoci na ofishinmu, in yi alamar gicciye, in fara addu'ar daga farko da Hausa.